Na ji Inna ta kira ni

Laraba, bayan isha'i

Yau a gida zan kwana. Yaya ta karɓe ni a wajen jinyar Inna, kuma kafin in kwanta ina so in rubuta abin da ya same ni da asuba.

Tun da hawan jini ya kayar da Inna, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ma ta ɗauke. Da ido take bin mu. Ni ce mai kwana da ita a asibiti. Sista ta ce duk bayan awa 2 a juya ta, kada gyambon kwanciya ya kama ta. Ga kunun da ake ba ta ta robar hanci, ga canjin zani. Barcina ya koma gyangyaɗi a kan tabarma, ƙarƙashin fitilar da ba a kashewa.

Wajen ƙarfe 4 ina zaune, na jingina da ƙarfen gado, sai na ji an ce, "Auta!" Muryar Inna ce tar, da irin jan da take yi wa sunan in tana so in zo da sauri. Daf da kunnena. Na zabura na ce, "Na'am, Inna!" Na leƙa fuskarta, barci take yi, bakin nan a karkace yadda yake. Na tambayi matar da ke jinyar 'yarta a gado na gaba, ta ce ita dai amsawata kawai ta ji.

Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, domin na ɗan lokaci zuciyata ta yarda bakin Inna ya buɗe. Tsoro sai daga baya ya zo. Da na kunna famfo zan yi alwala, na riƙa jin kamar wasu na hira ƙasa-ƙasa a cikin ƙarar ruwan, in na rufe su yi tsit.

Da Goggo ta kawo abin kari na faɗa mata. Ta dafe ƙirji ta ce, "Kin amsa? Ai ba a amsa kiran da ba a ga mai shi ba!" Ta ce in riƙe Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, na ce to, dama ban bar su ba. Amma da ta rage murya ta ce kada in kuskura wani ya ji, ni da ban yi aure ba, kada a fara cewa asibitin masu taɓin hankali na Dawanau za a kai ni, sai na ji abu ya tokare min wuya. Na san don ƙauna ta faɗa. Duk da haka, da likita ya shigo zagaye, na bi shi baranda na gaya masa komai.

Ko gezau bai yi ba. Ya tambaye ni rabona da barcin kirki, ko ina zazzaɓi, ko ina shan wani abu kamar tiramadol ko maganin tari mai kodin, da kuma abin da muryar ta ce. Sannan ya yi min bayani: babba na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, kuma idan aka daɗe ana tauye shi, mafarki kan kutso tun ido bai gama rufewa ba. A wannan tsakanin na farke da barci mutane da yawa masu lafiya kan ji an kira sunansu, ko an buga ƙofa. Masu jego kan ji kukan jariri alhali yana barci, wanda aka yi wa rasuwa kan ji muryar mamacinsa. Ƙwaƙwalwar da ta gaji, kuma ta kasa kunne tana jiran wani sauti, ita take ƙirƙiro shi. Ni kuwa ba abin da nake jira a duniya kamar muryar Inna.

Ya ja min kunne kuma. Ya ce in na yi barci na ƙoshi amma abin bai daina ba, ko ya zama da rana tsaka ina cikin hidima, ko muryar ta fara zagina ko umartata da in cutar da kaina ko wani, to in zo a ranar, a haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa, domin wannan ciwo ne mai magani.

Abin da ke cin raina shi ne shirun da muke yi. A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, ta maye gurbin ta 1958, amma a gidajenmu har yanzu sunan asibitin Dawanau ko na Kware abin gori ne. Ɗakin da Inna take kwance cike yake da masu jinya irina, idanu jajir, kowa ya shigo sai ya ce "ya mai jiki?", da wuya a sami mai cewa "ke kin runtsa kuwa?"

Da rana na kira Yaya na ce mata ƙarfina ya ƙare. Mun tsara za mu riƙa karɓa-karɓa, dare ɗaya ita, ɗaya ni, matar babban wanmu ta riƙe yini. Gobe bayan azahar zan koma da zannuwan da na wanke, don da yamma masu gashin ƙashi za su fara motsa wa Inna hannu, kuma ina so in koyi yadda ake yi.