Ga matashin da aka tura ƙaramin ofishin jakadancin Meziko a Amurka

Ƙanena, ka ci jarrabawar shiga aikin jakadanci, ka gama horo a Cibiyar Matías Romero, makarantar horar da jami'an jakadancin Meziko, wataƙila kana hangen kanka a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai takarda ta fito an tura ka Laredo ko El Paso, biranen jihar Teksas da ke kan iyakar Amurka da Meziko. Kada ranka ya ɓaci. Meziko tana da ƙananan ofisoshin jakadanci kusan 50 a Amurka, kuma a cikinsu ne ake aikin da ke iya ceton ran mutum. Fasfo da katin shaida na ofishin jakadanci za su cinye maka yini, amma sashen kare 'yan ƙasa shi ne wurin da sakaci ba ya gyaruwa.

Ka haddace sashe na 36 na Yarjejeniyar Vienna ta 1963 kan hulɗar ƙananan jakadu. Ya ce idan an kama baƙo, dole a gaya masa ba da ɓata lokaci ba cewa yana da damar a sanar da ofishin ƙasarsa, kuma jami'in ofishin yana da damar ziyartarsa da nema masa lauya. Ga ɗan Najeriya ko ɗan Gana, dole hukumomin Amurka su sanar ko bai nema ba. Ɗan Meziko kuwa, a mafi yawan lokuta sai ya buɗe baki ya nema, kuma mutumin da ba shi da takardun zama tsoron kowace hukuma yake yi, har da tasa. Saboda haka zama a ofis ana jiran waya kuskure ne da na gabanka suka daɗe suna tafkawa. Ka san masu kula da gidan yarin gundumarka da lauyoyin gwamnati masu kare marasa hali, ka riƙa duba jerin waɗanda aka tsare.

Ranar da ka samu ganin wanda aka kama, tambayoyin farko su ne: yaushe aka kama shi, an gaya masa yana iya neman ofishinmu, yaushe aka gaya masa, ya sa hannu a wata takarda? Ka rubuta amsoshin da kwanan wata da sa'a. Kada ka tambaye shi ko ya aikata laifin. A gidan yari ana naɗar maganar waya, ɗakin ziyara ma ba a amince masa, kai kuma ba lauyansa ba ne. Ka ja masa kunne kada ya tattauna shari'arsa da abokin ɗaki.

Sannan ka saurari harshensa da kyau. Ba duk ɗan Meziko ne Sifaniyanci ya zauna wa a baki ba. Manomin da ya fito daga jihar Oaxaca yana iya kasancewa Mistek ko Zapotek ne harshen da ya tashi da shi, ya riƙa gyaɗa kai ga duk abin da aka faɗa don kunya ko ladabi. Ka nemi tafinta na harshen garinsu takamaimai, domin Mistek ɗin ma iri-iri ne, na wani kwari ba ya jin na wani.

Abin da ya sa nake matsa maka kan gaggawa shi ne wata ƙa'ida ta kotunan Amurka: ƙorafin da ba a gabatar a kotun farko ba, galibi ba a saurarensa a ɗaukaka ƙara. Idan lauya bai ta da batun sashe na 36 tun farko ba, ƙofar ta rufe. A kan wannan Meziko ta kai Amurka Kotun Duniya a shari'ar Avena. A 2004 kotun ta ce an take haƙƙin 'yan Meziko 51 a shari'o'in hukuncin kisa, ta umarci a sake duba su. Amma a 2008 Kotun Ƙolin Amurka ta ce hukuncin bai ɗaure kotunan jihohi ba sai majalisa ta yi doka, kuma a watan Agustan shekarar Teksas ta zartar da hukuncin kisa kan José Medellín, ɗaya daga cikin mutum 51 ɗin. Nasara a Kotun Duniya ba ta maye gurbin zuwa a makon farko ba.

Idan laifin na iya kai ga hukuncin kisa, a ranar ka sanar da Ma'aikatar Harkokin Wajenmu, domin tun 2000 Meziko tana da shirin lauyoyi na musamman don irin wannan shari'a. Gudummawarka mafi daraja ita ce abin da lauyan Amurka ba zai iya samowa ba: takardar haihuwa, bayanan makaranta da na asibiti daga ƙauyensu, da dangin da za su ba da shaida kan yadda ya tashi. Irin wannan ne masu taya alƙali yanke hukunci suke aunawa kafin su zaɓi kisa ko ɗaurin rai-da-rai, kuma tattara shi yana cin watanni.

Kada ka yi wa uwa ko mata alkawarin za a sake shi. Ka faɗa musu ranar zaman kotu na gaba da abin da ofis zai iya yi. Kuma tunda aikin nan na sauyin wuri ne, shari'ar za ta daɗe fiye da zamanka a garin, ka bar fayil ɗin da wanda zai gaje ka zai buɗe ya ga sunan lauya, lambar shari'a da ranar ziyara ta ƙarshe a shafin farko.