Inabin hunturu da abin da na koya daga Niyu Zilan

Gindin inabi tara gare ni a bayan gida a Rigachikun, duk dashen da na kawo daga Hunkuyi ta ƙaramar hukumar Kudan. Bara na lura da wani abu. Nonon inabin da ya nuna cikin hunturu, in ka fasa ƙwaya ɗaya a baki, zaƙi ne zai fara zuwa, sannan ɗan tsami ya biyo baya ya wanke harshe. Wanda ya kai zafin watan Maris kuwa zaƙi ne zalla, sai ka ce ruwan sukari.

Neman dalili ne ya kai ni karatu kan Niyu Zilan, ƙasar tsibirai a kudancin tekun Pasifik. Giya suke yi da yawancin inabinsu. Ni ba na sha, noman ne ya ja hankalina.

Yankin Marlborough, a arewa maso gabashin tsibirin kudu, shi ne uwa uba, don kusan kashi 70 cikin 100 na gonakin inabin ƙasar suna can. Farin inabin Sauvignon Blanc ne ya fito da sunansa, bayan an soma manyan gonaki a 1973. Rana tana haskawa sosai, dare kuma ya yi sanyi ƙarara. Ashe nan sirrin yake. Rana ce ke tara sukari a ƙwaya, zafi kuma yana cinye tsami, to in dare ya yi sanyi sai tsamin ya tsira, inabi ya nuna a hankali da ƙamshinsa.

Can kudu a Central Otago, tsakanin duwatsu, baƙin Pinot Noir suke yi, mai siririyar fata, wanda ba ya son zafi ko kaɗan. Manoman nan suna ba ni tausayi. In raɓa za ta daskare a kan sabon toho, cikin dare suke kunna manyan fankoki, wasu har jirgi mai saukar ungulu suke haya ya turo iska mai ɗumi ƙasa. Yankin Hawke's Bay, a tsibirin arewa, ya fi ɗumi, baƙin inabin Syrah da Merlot suke nomawa a kan tsakuwar tsohon kogi.

Nasu inabin yana zubar da ganye ya huta lokacin sanyi, a girbe a Maris da Afrilu. Namu ba ya barci, aski ne, wato yanke rassa, ke tashe shi ya yi fure. Shi ya sa bana na yi wa gindi biyar aski da wuri, da ruwa ya fara janyewa, don su nuna a tsakiyar Janairu. Huɗun na bar su yadda na saba, in Allah ya kai mu in ɗanɗana in gwada.