Arundel: Gidan Sarautar Norfolk da Ba Ya Norfolk

Daga tashar Victoria a Landan na hau jirgin ƙasa, cikin kamar awa ɗaya da rabi sai ga mu a Arundel, kudancin Ingila. Tun kafin jirgi ya tsaya ake hango fadar bisa tudu, kogin Arun na ratsawa ta gindinta. Nan ne mazaunin Diyuk na Norfolk, mai riƙe da wata babbar sarautar gado ta Ingila, ko da yake ita Norfolk ɗin tana can gabas. Aure ne ya kawo su: Diyuk na huɗu, Thomas Howard, ya auri Mary FitzAlan, 'yar masu gidan.

Matakalar tsohuwar hasumiya ƙunci gare ta, sai mai saukowa ya rakuɓe kafin mai hawa ya wuce. Amma inda na daɗe shi ne gaban hotunan kakanninsu da ke jere a bango. Sarki Richard na Uku ya naɗa kakansu John Howard Diyuk na Norfolk a 1483, bayan shekara biyu aka kashe su tare a yaƙin Bosworth. Shi kuwa Thomas, fille masa kai aka yi a 1572 saboda ƙulle-ƙullen da ya shiga da Mary, Sarauniyar Sukotland. Sarautar ta kwanta, ba a tashe ta ba sai 1660.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gadon 1975. Diyuk na 16, Bernard, ya rasu ya bar 'ya'ya mata huɗu, ba namiji. A wurinmu da masu zaɓen sarki sun zauna sun auna 'ya'yan gida. Nan kam babu zama, babu kamun ƙafa: aka bi salsalar maza har ta faɗa kan wani ɗan'uwa na nesa, Miles, soja mai muƙamin Manjo Janar. Babbar 'yar, Anne, ta tashi da ƙaramar sarautar Herries, wadda mace ke iya gada. Tsarin ya kashe rikici, amma ni dai ban ga adalcinsa ba.

Ɗan Miles, Edward, shi ne na 18 tun 2002. Da yake gidansu ke riƙe da muƙamin mai shirya manyan bukukuwan masarauta tun 1672, shi ya tsara jana'izar Sarauniya Elizabeth a 2022 da naɗin Sarki Charles a 2023. Ɗan Katolika ne, amma shi ya shirya naɗin sarkin da shi ne shugaban Cocin Ingila.