Asabar a Tintagel

Iska ce ta tarbe mu tun kafin mu hango teku. Tintagel wani ƙaton dutse ne da ya kutsa cikin Tekun Atilantika a gaɓar arewacin Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Jirgin ƙasa ba ya zuwa nan, a bas muka ƙarasa.

A da ƙasa ce ta haɗa dutsen da gaɓa, igiyar ruwa ta yi ta cin ta har ta zube. A 2019 aka buɗe gadar ƙafa a gurbinta, kuma da gangan aka bar ratar santimita 4 a tsakiyarta. Na leƙa ta ratar, gwiwoyina suka saki. Abokin tafiyata ya ce, “Malam, tsallake kawai, bar kallon ƙasa.”

Akwai kangon wata tsohuwar fada a wurin, amma bai burge ni ba. Ganuwar siririya ce, ba ta yaƙi ba. Richard, ƙanen Sarkin Ingila Henry na uku, shi ya ba da gandaye uku ya karɓi wannan wuri a 1233. Dalili? Kusan shekara ɗari kafin nan wani marubuci, Geoffrey na Monmouth, ya rubuta cewa a nan aka ɗauki cikin Sarki Arthur, shahararren sarkin tatsuniyoyin Birtaniya. Wato attajiri ya ji tatsuniya, ya gina mata gida. Shi kansa bai wani zauna a ciki ba.

Abin da ya tsayar da ni ƙananan harsasan ɗakuna ne a gangaren dutsen, ciyawa ta rufe rabinsu. Tsakanin ƙarni na 5 da na 7 gari ne guda a nan. Masu tonon tarihi sun fito da gutsattsarin tuluna da akusan yumɓu daga yankunan da yau suke Tunisiya, Turkiyya da Girka, fiye da na ko'ina a Birtaniya. Man zaitun da giya ake kawowa, ana kyautata zaton kuza ake ɗauka a koma. Jirgin ruwa ya taso daga Arewacin Afirka ya zo ya tsaya a wannan ɗan lungu mai duwatsu! Ni dai wannan ya fi mini Arthur, amma jama'a duk suna can sun yi layin ɗaukar hoto da mutum-mutumin tagullar da aka kafa a 2016, wanda ake dangantawa da shi.

Na so shiga kogon Merlin, bokan tatsuniyar Arthur, da ke ƙasa a bakin teku, sai na tarar ruwa ya riga ya cika shi. Sai wani jiƙon.