Abin da aka cire daga rahotonmu na bagaruwa

Na ajiye aiki a ɗakin gwajinmu na Jos, kuma waɗanda muka sha sanyin dare tare a can sun san ba albashi ne ya kore ni ba.

Aikinmu a kan tanin ne, sinadarin nan mai bauri na 'ya'yan bagaruwa da majema ke jeme fata da shi tun kaka da kakanni. Mukan tace shi mu ɗiga a kan HeLa, ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa da aka ɗiba daga jikin Henrietta Lacks a Amurka a 1951 ba da saninta ba. In ka leƙa madubin ƙara girma washegari, sai ka ga waɗanda suka baje a gindin faranti sun dunƙule, sun saki, suna yawo a saman ruwa, alamar sun mutu. Wallahi har tsikar jiki takan tashi.

Sai na zuba daidai wannan awon a kan ƙwayoyin Vero, waɗanda ba na sankara ba ne, su ma suka bi sahu. Dama tanin furotin yake kamawa, ba ruwansa da mai lafiya ko marar lafiya. Na kai wa Oga takardun biyu. Ya ture ta biyun da ɗan yatsa ya ce, "Malama, wannan za ta ɓata mana labari, ajiye ta." Na ce, "Ranka ya daɗe, in babu ita, ai rabin magana muka faɗa." Bai ƙara cewa uffan ba. Da rahoto ya fito, babu sakamakon Vero, babu sunana.

Cire sunan ya yi mini ciwo, har gobe yana yi. Amma abin da ke hana ni barci shi ne inda irin wannan rabin magana take ƙarewa. Gobe za ta bazu a WhatsApp da taken "bincike ya tabbatar". Matanmu kuwa dama sun saba da zama cikin ruwan bagaruwa, sai mai zubar jini ta ci gaba da jiƙo a ɗaka, ta isa asibiti bayan ciwo ya ci ƙarfinta. Alhali nau'in ƙwayar cutar HPV na 16 da 18 ne ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara, kuma tun Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta kyauta. Wannan ya kamata bakinmu ya fi yaɗawa.

Ga ƙannena da na bari: tanin shi kaɗai yana iya juya launin MTT, sinadarin da ake gane yawan ƙwayoyi masu rai da sauyin launinsa, don haka ku riƙa barin rami ɗaya a farantin gwaji da babu ƙwayoyi don kwatance. Ku daskarar da ajiyar ƙwayoyi tun kafin janareto ya ba ku kunya. Kowane sakamako ku rubuta shi da biro da kwanan wata, ku ɗauki hotonsa kafin ya hau teburin kowa. Nawa na Vero yana wurina, duk mai son gani ya neme ni.