Godiya ga 'yan'uwan da suka tallafa wa injin niƙa na Brixton

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdulillahi, taron neman gudummawar da muka shirya domin tsohon injin niƙa mai fukafukai na unguwar Brixton da ke Landan ya gudana lafiya, an watse lafiya, kuma abin da aka tara ya isa hannun Friends of Windmill Gardens, ƙungiyar 'yan sa-kai da ke ɗawainiya da wurin. Ni da sauran waɗanda muka yi tsaye a kan lamarin ba mu da abin da za mu biya ku da shi sai addu'a.

Iyayenmu mata su ne kan gaba a wannan godiya. Tun da asuba suka tashi suka kwaɓa garin alkamar da aka niƙa a injin, suka yi gurasa da alkubus da funkaso. Garin da dusarsa yake zuwa, ba fari fat ba ne irin fulawar kanti, shi ya sa ya fi shan ruwa, sai da wata Hajiya daga cikinsu ta yi ta ƙara ruwa da kaɗan-kaɗan tana taɓa ƙullun da bayan hannu kafin ta yarda ya yi. Gurasar ta fito ja-ja, ga ƙamshi. Aka barbaɗa mata ƙuli-ƙuli da yaji da albasa, kafin la'asar ko gutsure babu a faranti. Turawan unguwa da 'yan'uwanmu na Jamaika har layi suka yi. Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya, Ya raya zuri'a.

Wasu sun tambaye ni, da kyakkyawar niyya, me ya haɗa Bahaushe da injin niƙan Turawa mai fukafukai. Amsata ita ce unguwarmu ce, a nan 'ya'yanmu suke tasowa, a filin da ke gindinsa suke wasa. An gina shi a 1816, lokacin da gonaki ne suka kewaye wurin, iyalin Ashby suka riƙe shi suna niƙa da ƙarfin iska. Da Landan ta yi ta faɗaɗa, gidaje suka tare iskar, a 1862 suka mayar da sana'ar Mitcham, inda ruwan kogin Wandle ke juya dutse. A 1902 suka dawo suka sa injin tururi, daga baya na gas, har zuwa 1934 da aka rufe. Ya sha zama kango, an farfasa shi, an ɓata bangonsa da rubuce-rubuce, har ya shiga jerin gine-ginen tarihi da ke cikin haɗari a 2002. Mutanen unguwa ne suka ƙi yarda ya rushe, suka kafa ƙungiyar a 2003, suka yi ta fafutuka tare da ƙaramar hukumar Lambeth har aka samu tallafin Heritage Lottery Fund, asusun da ke tallafa wa wuraren tarihi, aka gyara shi, aka sake buɗewa a 2011. Yau shi kaɗai ya rage a cikin irinsa da aka taɓa yi a yankin Lambeth.

Abin da ya fi ja hankalina shi ne har yanzu yana aiki. Tun 2014 aka koma niƙa gari a cikinsa, ko da yake lantarki ne ke juya duwatsun yanzu, ba iska ba. To, injin da ke aiki kuwa kullum cikin neman gyara yake. Katakon fukafukan na shan ruwan sama shekara da shekaru, sai an bi shi da fenti ana duba inda ya fara ruɓewa. Baƙin kwaltar da ke jikin hasumiyar ita ke hana damshi ratsa bulo. Duwatsun kansu suna sulɓi idan sun daɗe suna cin alkama, dole a ɗaga na sama a sake fitar da layukan da ke fuskarsa, kamar yadda kakanninmu ke koɗa dutsen niƙa idan ya daina kama tsaba. Masu wannan sana'a sun yi ƙaranci a Ingila, aikinsu kuma ba arha. Irin waɗannan hidimomi ne kuɗinku zai taimaka a kai.

Matasanmu, sannunku da ƙoƙari. Ku kuka ɗauko tebura, kuka kafa rumfa cikin yayyafi, kuka tsaya kuka share wurin tas bayan kowa ya tafi. Mun gode wa dattawan da suka halarta duk da sanyi da ciwon ƙafa, da malaman Islamiyya da suka kawo ɗalibansu. Na ga wani yaro ya tara hannu a bakin mazurarin da garin ke zubowa, ya ji shi da ɗumi, ya juyo yana tambayar malaminsa ko wuta aka sa masa. Mai niƙan ya durƙusa ya nuna masa cewa gugar dutse da dutse ce ta kawo ɗumin. Ga 'yan sa-kai na injin, da suka buɗe mana ƙofa suka yi ta hawa da sauka a matsattsen tsanin nan da baƙinmu ba tare da gajiyawa ba, muna miƙa godiya ta musamman.

Waɗanda suka turo nasu daga nesa suka ce kada a ambaci sunansu, mun cika alkawari, Allah Ya san ku. Wanda bai samu zuwa ba, ƙofa a buɗe take: sayen ƙullin gari ɗaya ma taimako ne, kuma ana neman masu ba da lokacinsu wajen niƙa da zagayawa da baƙi. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya mayar muku da ninkin abin da kuka fitar, amin.