Daga Katsina zuwa Daura da giya huɗu

Ɗaurin auren ɗan ƙanwar mahaifiyarmu ne ya kai mu Daura a farkon kaka, ni da ƙanena. Shi ya nace mu tafi a motarsa, Toyota Celica 'yar Beljiyam mai ƙofa biyu, irin wadda kamfanin ya daina ƙerawa tun 2006. Mota ce ta samari, cikinta kusan a ƙasa, injin 1.8, giyar hannu mai lamba biyar. Tafiyar ba ta wuce kilomita 80 da 'yan kai ba, don haka muka fito da hantsi ba tare da gaggawa ba. Gefen hanya duk an yanke gero, damuna ta yi sallama, iska ta fara bushewa.

Kafin mu isa Mashi na lura hannunsa na dama ba ya barin sandar giya. Na tambaye shi, ya ce, "Yaya, kwana biyun nan lamba biyar tana fita da kanta in na ɗaga ƙafa daga totur, shi ya sa nake danne ta." Mun wuce Mashi kaɗan sai injin ya yi kuka sama, mota kuma ta fara rage gudu. Ya taka kuloci, ya mayar da sandar lamba biyar, ya saki. Sanda ta shiga, amma mota kamar tana firi. Ya koma lamba huɗu, ta kama nan take. Haka muka lallaɓa ta Shargalle har cikin Daura, injin yana ƙara fiye da yadda ya saba, 'yan Golf suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya.

Bayan an shafa fatiha muka nemi bakanike. Na farkon da muka samu ko bonet bai buɗe ba ya yanke hukunci: giyabos ya mutu, a sauke a sayo wani. Abin ya tsaya mini a rai, domin motar da ta kawo mu da giya huɗu lafiyayyu ba za a ce komai nata ya lalace ba. Wani kawunmu ya kai mu wurin wani dattijo da ya daɗe yana gyaran giyar motocin haya, garejinsa rumfar kwano ce a gindin darbejiya.

Dattijon bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyi. Ya ce wa ƙanena, "Ɗana, sauran giyoyin suna shiga ba gurzawa?" Ya ce suna shiga. "To cire kuloci daga lissafi. Kuloci in ya gaji ba ya zaɓen giya guda ya bar sauran." Ya sake tambaya ko ribas tana shiga. Tana shiga. Ya yi mana bayani cewa daga sandar giyar wannan mota zuwa giyabos kebul biyu ne, ɗaya yana kai sanda hagu da dama don zaɓen layi, ɗaya yana tura ta gaba da baya. Lamba biyar da ribas layinsu ɗaya, can gefen dama. Tunda ribas tana kamawa, kebul ɗin zaɓen layi yana isa inda ya kamata. Duk da haka bai tsaya a kan lissafi ba. Ya sa yaronsa ya zauna a kujerar direba yana motsa sanda, shi kuma ya duƙa cikin bonet yana kallon bakin kebul ɗin, ko robobinsu sun cinye. Lafiya lau suke. Ya zare su, ya tura hannun giyar da yake jikin giyabos da hannunsa zuwa lamba biyar, ya ce ya ji ta tafi sakwa-sakwa, babu wannan ɗan kamun da ake ji in giya ta zauna. Nan ya ce matsalar tana ciki.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya karanta mai. Ya kwance notin da ake zuba man giya ya zira yatsa, yatsan ya fito a bushe, alhali ya kamata mai ya kai bakin ramin. Ya sa aka tara wankakken kwano, ya kwance notin ƙasa. Giyabos ɗin da yake cin kusan lita 2, abin da ya fito bai kai rabi ba, baƙi wuluk, yana warin ƙuna. Ya fita da kwanon cikin rana yana karkata shi. Ga ƙyalli-ƙyalli ruwan zinariya, ya ce wannan zoben tagulla ne da yake daidaita gudun giya kafin ta shiga, shi ne yake cinyewa. Ya jefa maganaɗisu ya ɗago da garin ƙarfe mai laushi kamar kwalli, babu gutsuren haƙori ko ɗaya. Ya ce, "Alhamdu lillahi, manyan giyoyin ba su karye ba." Sannan ya haska mana inda shaf ɗin taya yake shiga giyabos, duk ya jiƙe ƙura ta manne. Sil ɗin wurin, wato robar da take hana mai zuba, shi ne ya daɗe yana yoyo a hankali.

Na tambaye shi, "Baba, me ya sa lamba biyar kaɗai ta tafi?" Ya ce a irin wannan giyabos na motoci masu ja da tayoyin gaba, lamba biyar ba ta zaune tare da 'yan uwanta. Tana can ƙarshe, a ƙarƙashin wani murfi na daban, kuma in mai ya yi ƙasa ita take fara shan ƙishirwa, ga shi a kanta ake yin doguwar tafiya. Ya ce kusan kullum haka yake gani a Golf ɗin haya da suke zirga-zirga tsakanin Daura, Katsina da Kano.

Wannan zama nata a gefe shi ya cece mu daga sauke giyabos. Aka ɗaga mota da jak, aka cire tayar gaba ta ɓangaren direba, aka kwance murfin daga nan. Silektar da take tura giyar ta cinye har ta yi shuɗi saboda zafi, bakinta ɗaya ya ɓalle, ƙananan haƙoran da suke riƙe giyar kuma sun dakushe. Dattijon ya ce danne sanda da hannu shi ya ƙarasa silektar, don tana ta gogar ƙarfen da yake juyawa babu isasshen mai. Bai faɗa da faɗa ba, ya nuna wa ƙanena wurin da yatsa kawai.

Kayan babu su a Daura, sai Ƙofar Ruwa a Kano. Ya kira wani ɗan kasuwa da suke hulɗa, ya ce za a ba direban mota ya taho da su washegari. Da la'asar muka taka zuwa rijiyar Kusugu, inda tarihi ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Muka sha ruwanta, muka bi ta ƙofar fadar Sarki muka koma gidan biki.

Kaya sun iso da azahar. Dattijon ya sa silekta da zobe da abin da yake kulle giyar, ya canza sil ɗin da ya jawo duk wannan, ya zuba sabon mai 75W-90 har ya fara tsiyaya daga bakin ramin. Ya shiga gaba, ni na lanƙwashe a kujerar baya, muka hau hanyar Kwangwalam. Ya sa ƙanena ya shiga lamba biyar ya ɗauke hannunsa gaba ɗaya daga sanda, ya taka totur ya saki, ya sake takawa ya saki, idonsa a kan sandar. Ba ta motsa ba. Da muka sauke shi a gareji ya ce bayan mako biyu a duba ƙarƙashin motar a Katsina, in an ga ɗigon mai a wurin shaf a kira shi kafin a sake hawa babbar hanya.